Mas'udu Sakata da Ƙasashe Uku

Ku da kuka iya gardamar ƙwallo tun daga la'asar har a kira magariba, ku jawo bencinku nan. Yau ni zan kawo muku abin gardama, amma kada kowa ya yanke hukunci sai na dire.

Labarin wani mai tsaron baya ne, Mas'udu, wanda 'yan kallo suka laƙaba wa Sakata, domin in ya tsaya a gaban raga kamar an rufe ƙofa ne an zura mata sakata. Dogo ne, mai ƙarancin magana, mai jin nauyin mutane. Mutum uku ne suka tsaya masa a rayuwa, a ƙasa uku, kuma da ɗaya daga cikinsu ya janye hannu da ba ku taɓa jin sunansa ba.

An haife shi a wani ƙauyen manoman albasa a Nijar, can wajen Madawa. Ubansa Nomau fataucin albasa yake yi zuwa Kumasi. Uwarsa Ige kuwa 'yar Illela ce ta Najeriya, aure ne ya tsallako da ita iyaka. Ba ta gama wankan jego ba Allah ya karɓi abarsa, ta bar jariri yana tsala kuka. Aka ba shi nonon akuya ya ƙi, aka dama masa koko ya amayar, har ya zama sai ido da haƙarƙari. Ƙanwar ubansa, Gwaggo Tabawa, tana da nata goyon mai suna Ilu. Ita ce ta ɗauke shi ta sa masa nono a baki, ta riƙa shayar da su biyu a shekarar da damina ta yi gardama, gero ya yi wuya. Dangin mijinta suka yi ta gunaguni cewa tana raba wa ɗansu abinci da ɗan wani, ta toshe kunne. Da ƙyanda ta shigo garin ta kwantar da yaran duka biyu, Gwaggo Tabawa ta duba ta ga Mas'udu ya fi jigata, asibiti kuma da nisa, ba amalanke. Sai ta bar Ilu a hannun maƙwabciya, ta goya maraya ta kama hanya da ƙafa a tsakar rana. Allah ya tashi kafaɗun yaran duka, amma mijinta bai yafe mata ba. Ya ce macen da za ta bar ɗanta a kwance ta goya na wani ba matarsa ba ce. A kan Mas'udu aurenta ya mutu.

Da yaron ya yi wayo, ubansa ya ɗora shi a kan motar albasa suka tafi Kumasi. Ba su daɗe ba ciwon ajali ya kama Nomau. Kafin ya cika ya damƙa ɗansa a hannun maigidan da yake sauka wurinsa a zango, wani tela da ake kira Baba Awudu. Wannan telan ya haɗa shi da 'ya'yansa, kwano ɗaya, tabarma ɗaya, ya sa shi makaranta. Kuma Baba Awudu yana da ƙungiyar yara da yake horarwa da yamma a wani jan fili bayan masallaci. Mas'udu gaba yake so ya buga, kamar kowane yaro, ya ci ƙwallo a ɗaga shi sama. Baba Awudu ya zuba masa ido na ɗan lokaci, ya lura yaron nan yana sanin inda ƙwallo za ta faɗo tun ba a buga ta ba, sai ya mayar da shi baya. Mas'udu ya yi fushi, ya ƙaurace wa filin, ya ƙi cin abinci. Telan bai lallashe shi ba, sai da ya gaji don kansa ya dawo, sannan ya fara koya masa sana'ar: yadda ake tsayawa tsakanin mutum da raga, yadda ake tashi sama kafin abokin gaba, da lokacin da ake zura ƙafa da lokacin da ake haƙuri. Yakan ce masa, “Ƙafar ɗan gaba maƙaryaciya ce, ƙugunsa za ka kalla.” Da wata babbar ƙungiya ta birnin ta zo neman mai tsaron baya guda ɗaya daga cikin yaransa, mutum biyu ne suka isa: Mas'udu, da Fuseini, ɗan cikin Baba Awudu. Suka ce shi ya fi sanin yaransa, ya zaɓa musu. Ya nuna Mas'udu. Matar telan ta daina yi masa magana sai ta dole, Fuseini ya rataye takalmansa bai ƙara taka fili ba.

A wannan ƙungiya Mas'udu ya fara suna, a nan kuma aka fara kiran sa Sakata. Ana cikin haka, yana ganiyar ƙuruciya, wata rana ya tashi sama ya sauko a kan ƙafa ɗaya, gwiwarsa ta yi ƙara, jijiya ta tsinke. Kakar wasa na ƙarewa ƙungiyar ta sallame shi. Kunya ta hana shi komawa gidan Baba Awudu, domin ya kasa tunanin yadda zai shiga da sanda a hammata ya haɗa ido da Fuseini. Ya kulle kansa a ɗakin haya, ba ya fita, ba ya amsa sallama. Mai tsaron ragar ƙungiyar wani Bazamfare ne daga Gusau, sunansa Tanimu. Shi ne ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar ɗakin, ya tarar da abokinsa ya rame ya fita hayyacinsa. Tanimu ya ƙi sabunta zamansa a ƙungiyar, ya ɗauko Mas'udu a mota suka keto ƙasashe har Gusau, gidan mahaifiyarsa Inna Kulu. Aka yi wa gwiwar aiki. Tanimu ne yake goya shi zuwa banɗaki, shi ne yake lanƙwasa masa ƙafar yana ihu yana zagin sa. Da ya fara takawa, ya riƙa kai shi rairayin bakin gulbi suna sassarfa tare. Kakar wasa guda cur Tanimu bai tsaya a raga ba. Bayan nan ya je wa wata ƙungiya ta arewa da ta daɗe tana neman sa, ya ce zai zo, amma su biyu ne, in ba a ɗauki abokinsa ba shi ma ya fasa. A wasansu na farko ɗan gaba ya taho, Mas'udu ya tuna da gwiwarsa ya janye ƙafa, aka zura musu ƙwallo. 'Yan kallo suka yi ca a kansa. Tanimu ya je gaban koci ya ce laifinsa ne, shi ya ce a bar masa. Daga ranar, duk lokacin da ɗan gaba ya tunkaro, Mas'udu zai ji murya a bayansa tana cewa ya shiga, akwai mai tare masa. Da haka tsoro ya bar shi.

To, ba a jima ba wani mai farautar 'yan wasa ya gan shi ya kai shi Turai, wata ƙungiya ta rukuni na biyu a wani gari mai sanyi a bakin teku. Ya sha wuya da farko. Harshe ya gagare shi, abinci ya gagare shi, ƙwallon ma ta fi wadda ya sani sauri. Amma ya daure. Suka hau rukuni na ɗaya, aka ɗaura masa kambun kyaftin, har suka kai wasan ƙarshe na kofin ƙasar. Ana dab da tashi suna gaba da ci ɗaya, ƙwallo ta wuce mai tsaron ragarsu tana shirin ƙetare layi. Mas'udu ya yi sufa ya sa mata kai, ya fitar da ita, goshinsa ya daki ƙarfen raga ya tsage. Da jini a fuska ya ɗaga kofin. Kafin gari ya waye hoton ya shiga kowace waya.

A nan rikicin ya fara. Rediyon Nijar ya ce ɗan Madawa ya fitar da ƙasa kunya. A Kumasi aka ce yaron zango ne, ga filin da ya taso. A Gusau aka ce ai kowa ya san gidansu. Cikin mako guda masu horar da ƙungiyoyin ƙasashen uku suka buga masa waya, kowa yana son ya zo ya tsare masa baya a wasannin share fage da ke tafe. Kuma kowace ƙasa tana da hujja: ɗaya a cikinta aka haife shi, ɗaya a cikinta ya girma har ya zama ɗan ƙasa, ɗaya kuma ƙasar uwarsa ce. Kun dai san ƙa'idar abin. Ƙungiya ana sauya ta kamar hula, amma ƙasa in ka zauna mata daram ka buga mata wasannin gasa, shi ke nan, kai da ita har ka yi ritaya.

Kan Mas'udu ya ɗaure. Abokan wasansa Turawa suka tambaye shi, shi a ransa ɗan ina ne, ya ce shi ma abin da yake tambayar kansa ke nan. A Kumasi tun yana yaro ɗan Nijar ake ce masa. A Gusau ɗan Gana ake ce masa, ana dariyar Hausarsa in ya ce “Inna ya dawo.” A ƙauyensu kuwa baƙo ne, yara suna bin sa suna kallo. Kocinsa ya ce ya duba harshen da yake mafarki da shi, ya ce da Hausa yake mafarki, kuma duka ukun suna jin ta. Ya duba ta fuskar wasa, nan ma bai ga haske ba. A wata ƙasar shi zai zama jigo, komai a kansa, amma samun zuwa babbar gasa sai an yi da gaske. A wata kuma hanyar gasar a buɗe take, sai dai masu tsaron baya sun yi yawa, yana iya tsufa a benci. Da ya auna wannan sai wancan ya rinjaya, da ya koma wancan sai na ukun ya taso. Daga ƙarshe ya ce bari ya yi amfani da hutun ƙarshen kaka ya je ya ga mutanensa, wataƙila a bakin ɗayansu zai ji abin da zai warware masa.

Ya fara da ƙauye. Ya tarar Gwaggo Tabawa ta tsufa, idanunta sun yi hazo. Ta shafa fuskarsa har yatsunta suka sami tabon goshin, ta yi ta faɗa a kan wane irin aiki ne wannan da ake fasa wa mutum kai. Ita ba ta taɓa kallon wasa ba, balo ma take kiran abin kamar sauran mutanen garin. Ta sa aka dama masa fura, ta nuna masa da sandarta bayan ɗakin da aka binne cibiyarsa. Sannan ta ce, “Ni ban san balo ba, ɗan nan. Amma Ilu ya ce in ka sa rigar ƙasar nan za a riƙa faɗin sunan ubanka da sunan garinmu a rediyo. Ido ya tafi, kunne ya rage mini. Ina so in ji kafin in bi Nomau.”

Mas'udu ya dubi matar da ta rasa aurenta dominsa, ya ji bakinsa ya ce, “To, Gwaggo.”

Shi dai “to” ɗin ladabi yake nufi, irin wanda ake yi wa babba. Amma tsohuwa ta rangaɗa guɗa, mata suka fito daga gidaje, Ilu ya hau babur ya tafi shelanta wa ƙauyukan kewaye.

Daga nan ya wuce Kumasi da niyyar ya yi wa Baba Awudu bayanin abin da ya faru. Tun daga bakin zango yara suka tare shi da ganguna. Baba Awudu ya daina fita fili, ƙafa ta ƙi, amma bai bar keken ɗinkinsa ba. Bayan an watse ya jawo wata leda daga ƙarƙashin teburi, ya fito da riga mai launin tutar ƙasar, wadda ya ɗinka da hannunsa, da lamba biyar a baya. Ya ce ya san ba da ita za a shiga fili ba, amma ya gwada ya gani. Mas'udu ya sa, ta zauna masa cif. Tsohon ya daɗe yana kallon sa, sannan ya ce, “Ranar da na nuna ka na bar Fuseini, na gaya wa uwarsa cewa yaron nan zai sa rigar ƙasa, a ranar za ta san ban zalunci ɗanta ba. Ta rasu ba ta gani ba. Amma Fuseini yana nan, yana tuƙa tasi, har yau in ya gaishe ni ba ya kallon idona.”

Fuseini yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Duk bayanin da Mas'udu ya shirya tun daga hanya ya gudu daga kansa. Ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Baba.”

Ya isa Gusau kamar wanda aka yi wa duka. Tanimu yanzu ya bar wasa, yara yake koya wa tsaron raga. Shi kaɗai ne bai roƙe shi komai ba. Da Mas'udu ya fara kame-kamen zancen, ya katse shi ya ce ya zaɓi inda hankalinsa ya kwanta, abota ba ta da tuta. Mas'udu ya ji sanyi a ransa, ya ce ko ba komai nauyi ɗaya ya sauka. Sai da Tanimu ya fita masallaci, Inna Kulu tana tsince shinkafa a tsakar gida, ta tambaye shi ko abokinsa ya taɓa gaya masa kiran da aka yi masa. Ya ce wane kira. Ta ce a shekarar da yake kwance a ɗakin can da ƙafa a ɗaure, an kira Tanimu sansanin ƙungiyar ƙasa, abin da yake buri tun yana tare ƙwallon tsumma. Ranar da ya kamata ya tafi ita ce ranar da za a shiga da Mas'udu tiyata. Ya ce musu yana da uzuri. Suka ɗauki wani, wancan ya riƙe wurin, ba a sake neman sa ba.

Da Tanimu ya dawo, Mas'udu ya tare shi a zaure ya ce, “Don me ka ɓoye mini?”

“Da na faɗa maka da ka kore ni na tafi,” in ji Tanimu. “Wa zai goya ka?”

Mas'udu ya fashe da kuka, ƙato da shi. Ba wanda ya tambaye shi, shi da bakinsa ya ce, “Rigar da ka rasa saboda ni, ni zan sa maka ita.” Tanimu ya ce kada ya yi rantsuwa cikin kuka, amma Mas'udu ya ga yadda fuskar Tanimu ta yi haske kafin ya kau da kai. Yaran da Tanimu yake koyarwa kuwa, da ke zaune a zauren, tuni sun fita da labari.

Kafin mako ya zagayo, gidajen rediyo uku a ƙasa uku sun ba da sanarwar cewa Sakata ya amince. Kowane koci ya sa sunansa a cikin waɗanda zai gayyata. Waya ta riƙa ruri ba ƙaƙƙautawa, wannan yana taya shi murna, wancan yana tambayar ko gaskiya ne abin da ya ji daga maƙwabta. Wasu suka fara ce masa mai baki biyu, wani ya gyara ya ce ai uku ne. Shi kansa in aka tambaye shi wanne ne alkawarin gaskiya, sai ya ce duka, domin a lokacin da yake faɗin kowanne har zuciyarsa yake nufi, ko da na farkon ya fara ne da ladabi.

Labari ya kai wa mutanen uku. Gwaggo Tabawa ta ce ita ba ta san tela ba, ba ta san mai tsaron raga ba, amma a tambaye su, da ta bar jaririn nan ya bi uwarsa, wa za su koya wa balo, wa za su goya? Baba Awudu ya ce yana girmama nonon da aka sha, amma yara nawa aka shayar a ƙauyen nan, me ya sa ƙasashe ba sa rububin su? Da bai mayar da shi baya ba, da bai zaɓe shi a kan ɗansa ba, da yanzu buhun albasa yake sauke wa mutane a kasuwa. Tanimu kuwa, Inna Kulu ce ta amsa a madadinsa. Ta ce mai nono ta yi nata, mai koyarwa ya yi nasa, amma abin da suka gina ya riga ya rushe a ɗakin haya, ɗanta ne ya tsince shi ya sake tayar da shi, kuma da nasa rabon ya biya.

Mas'udu ya ce to shi zai haƙura da ƙwallon ƙasa gaba ɗaya, kowa ya huta. Ya je wa wani malami a Gusau da wannan shawara. Malamin ya saurare shi har ƙarshe, ya ce masa wanda ya zaɓi ɗaya alkawari biyu ya saɓa, wanda ya ƙi duka kuwa uku ya saɓa, kuma ya zubar da wahalar mutum uku a banza. Ya tambayi malamin to wanne zai ɗauka. Malamin ya shafa gemu, ya ce wannan kam sai ya yi nazari.

Ga shi kuma wasannin ƙasashen uku duk a mako ɗaya suka faɗo, shekarunsa na tafiya, gwiwar da aka ɗinka ba za ta jira shi har abada ba. Jiki ɗaya gare shi, riga ɗaya zai sa, mutum biyu kuma dole ya kira su ya ba su haƙuri.

To, jama'a, ga ku ga Mas'udu. Tsakanin Gwaggo Tabawa, da Baba Awudu, da Tanimu, wane ne ya fi cancanta a cika masa alkawari, kuma da wane baki za a je wa sauran biyun?